Kafin ka ce furotin ɗinka ba ya kama oksijin, duba ƙarfen da ke cikinsa

Ƙannena masu karatun kimiyyar sinadaran jiki a Bauchi da Gombe, musamman waɗanda bincikensu ya faɗa kan furotin masu ɗauke da ƙarfe irin su himoglobin na jini da mayoglobin na tsoka, akwai abin da nake so ku riƙe tun kafin ku taɓa kwalbar farko. Yawan furotin da kuka samu ba shi ne aikin ba. Aikin yana ga halin da ƙwayar ƙarfen da ke tsakiyarsa take ciki a daidai lokacin da kuke awo. Na yi asarar kusan zangon karatu guda kafin wannan ya zauna mini a kai, kuma ba na so ku biya kuɗin da na biya.

Ƙarfen da ke cikin him, wato zoben sinadarin da ke riƙe da ƙarfen a tsakiyar furotin, yana kama oksijin ne kawai idan yana matakin Fe2+. Da zarar ya saki lantarki ɗaya ya koma Fe3+, shi ke nan, furotin yana nan da siffarsa amma ba zai ƙara riƙe oksijin ba. Wannan shi ake kira metmayoglobin, ko methimoglobin idan na jini ne. Kuna ganinsa kullum a teburin mahauta a kasuwar Muda Lawal: naman da yake ja wur da safe, kafin la'asar ya yi ruwan ƙasa. A cikin jikin mutum ma hakan na faruwa, kusan kashi 3 cikin 100 na himoglobin yana komawa met a kowace rana, sai dai jan ƙwayar jini tana da sinadarin da ke mayar da shi, ta yadda met ba ya wuce kashi 1 cikin 100 a lafiyayyen mutum. Kwalbar gwajinku ba ta da wannan gata. Abin da ya lalace a cikinta ya lalace, sai in ku kuka gyara.

Nawa aikin a kan mayoglobin ne, na ƙaton dabbar tekun nan da ake kira wel, wanda John Kendrew ya fara bayyana siffarsa a 1958. Tun 1987 masana biyu, Springer da Sligar, suka ƙera ƙwayar gadonsa suka dasa wa bakteriyar E. coli, ta riƙa haɗa shi da yawa. Mu ma hanyar muka bi. Ina da iri biyu: na asali, da wanda aka sauya masa histidin ta 64, wato amino asid ta 64 a jerin tubalan sarƙar furotin ɗin, wadda take zaune dab da inda oksijin ke sauka, tana kuma tallafe shi. Na raini bakteriyar, na fasa, na tace, na zuba a jel, mai rarrabe furotin bisa nauyinsu. Layi ya fito ɓaro-ɓaro a wajen kilodalton 17, nauyin mayoglobin ke nan. Na auna yawan furotin da gwajin Bradford, lissafi ya yi kyau. Daga nan na ɗauka na gama da shiri, saura sakamako.

Ban tsaya na tambayi kaina ba, shin jel da Bradford me suke gani? Sarƙar furotin kawai suke gani. Ba su san ko akwai him a ciki ba, balle su san matakin ƙarfensa.

Lokacin kuwa watan Maris ne zuwa Afrilu, kun san zafin Bauchi, rana na kai maki 40. Ana ɗauke wuta cikin dare, ba kullum ake tada janareta ba, samfurin da na bari a firji ya kwana yana ɗumi, da asuba wuta ta dawo ya sake yin sanyi. In na zo da safe na taɓa kwalba na ji sanyi, sai hankalina ya kwanta. Zafi yana hanzarta komawar ƙarfe met, haka ma idan ruwan ya karkata zuwa tsami. Duk na karanta wannan, na ma rubuta shi a jarrabawa, amma ban haɗa shi da firjin da ke gabana ba. Da na ga irin da aka sauya ba ya nuna alamar kama oksijin, sai na rubuta cewa sauyin ya kashe kamun gaba ɗaya, na kai wa Malam ina murna.

Dattijon da ke kula da na'urorin ɗakin gwajin ne ya ɗaga kwalbar ya kalle ta a hasken taga ya ce, “Ɗana, wannan ai ba ja ba ne. Ka duba shi a na'ura kuwa?” Ban duba ba. Na'urar auna haske tana nan a kusurwa, aikin minti biyar ne.

Ku haddace waɗannan lambobi: na'urar tana zana tudu ne a inda samfuri ya fi shan haske, ana kuma auna tsawon zangon hasken da nanomita. Mayoglobin mai riƙe da oksijin yana da babban tudu a nanomita 418, da ƙanana biyu a 543 da 581. Wanda ba ya riƙe da komai, tudunsa na 434. Met kuwa yana sauka wajen 409, tuddan nan biyu su ɓace, wani ya ɓullo a 505, wani ƙarami a wajen 635. Nawa na asalin ma ya riga ya fara nuna na 635, wanda aka sauya kuwa babu ko ɗuriyar 543 da 581 a jikinsa. Ashe ba kamun oksijin nake aunawa ba, furotin da ƙarfensa ya riga ya juya nake tambaya abin da ba zai iya ba. Gaskiya ne cire histidin ta 64 yana rage ƙarfin kamun, amma kuma yana sa ƙarfen ya koma met da sauri ninkin-ba-ninkin, kuma John Olson da abokan aikinsa a Jami'ar Rice ta Amurka sun bayyana haka tun 1993. Abu biyu ne daban, ni kuwa na cakuɗa su.

Akwai kuma batun him ɗin kansa. Idan kuka matsa wa bakteriya ta haɗa furotin da sauri, takan fitar da sarƙa fiye da him ɗin da take iya ƙerawa, sai wani kaso ya fito fanko. Shi ya sa ake zuba mata sinadarin ALA, wanda daga gare shi ake gina him, a ƙara ɗan gishirin ƙarfe, a kuma rage zafin rainon. Ku riƙa kwatanta tsayin babban tudun da na 280, inda sarƙar furotin kanta ke shan haske, kuma ku lissafa yawan samfuri da him, ba da sarƙa ba.

Kuskurena na biyu ya zo ne wajen gyara na farko. Ana mayar da met zuwa Fe2+ da garin ditayonait. Ni kuwa, da yake zuciyata na kan ramuwa, sai na riƙa zuba shi da yawa, in girgiza a buɗaɗɗiyar iska ina jiran ja ya dawo. Ditayonait da ya yi saura yana haɗuwa da oksijin ya haifar da faroksait, shi kuma faroksait in ya tarar da ƙarfen him yana iya tura shi har Fe4+, ya illata furotin da him ɗin duka. Ɗan kaɗan ake sakawa, sabon haɗi, nan take kuma a bi da samfurin ta bututun Sephadex G-25 cikin sanyi don a raba shi da ragowar. Garin da ya daɗe a buɗe ya sha iska, kada ma ku ɓata lokacinku da shi. Wasu suna ajiye furotin ɗin da iskar kabon monoksait domin tana kare ƙarfen sosai, amma guba ce marar wari, kada ɗalibi ya kusance ta shi kaɗai ko a ɗakin da babu na'urar zuƙe iska.

Littafin aikinku kuma ya faɗi gaskiya. Ku rubuta lokacin da aka ɗauke wuta da lokacin da ta dawo, ku bar ma'aunin zafi a cikin firjin, ku kasa samfuri ƙanana-ƙanana don kada a yi ta narkar da guda ana sake daskarar da shi. In da hali, ku tace da safe ku yi awo kafin magariba, kwalba na cikin ƙanƙara. Ni a da ina jin kunyar rubuta matsalar wuta, ina ganin kamar zai rage darajar aikin a idon na waje. Rashin rubutawar ne ya hana ni gane inda ɓarnar ta faro.

Abin ya dame ni ne domin wannan fanni namu ne. Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, cutar da tushenta sauyin amino asid ɗaya ne, a gurbi na 6 na sarƙar beta ta himoglobin, kuma an nuna cewa himoglobin ɗin sikila ya fi na lafiyayye saurin komawa met. Ku tuge wake ko gyaɗa a gonakin Dass ko Kaltungo, ku tsaga ƙulluttukan saiwar, jan da za ku gani leghimoglobin ne, yana tsare oksijin kada ya lalata sinadarin da ke kamo naitirojin daga iska. Duk wanda bai sami na'ura mai tsada ba, saurin komawa met ɗin kansa ya isa bincike: a ajiye samfuri a zafin maki 37, ruwan a pH 7, wato ma'aunin tsaminsa na tsaka-tsaki, a riƙa ɗaukar awo lokaci-lokaci, ana bin yadda 581 ke sauka, 635 na hawa, sannan a sauya pH ɗin ko zafin a sake daga farko.