Fomalin ya cinye mini aikin watanni

Aikina a kan sankarar mama ne. Ina neman alamomi uku da ake dubawa a jikin ƙwayoyin ƙari, wato ER da PR da HER2, waɗanda ke nuna irin maganin da zai yi wa mace aiki, in gwada su da irin nisan da cutar ta yi kafin mace ta iso asibiti. Na ɗebo tsofaffin samfuran nama da aka daskare cikin kaki daga ma'ajiyar wani asibitin koyarwa, na yanka, na rina da rinin da ke fito da alamomin. Sakamako ya fito kamar a mafarki: mafi yawansu babu ko ɗaya daga cikin ukun. Har na fara tsara yadda zan gabatar da shi a taro.

Malamata ce ta kashe mini murna. Ta leƙa madubi ta ce, "Bar ƙarin, duba lafiyayyun bututun nono da ke gefe." Waɗannan ya kamata wasu daga ƙwayoyinsu su kama rinin ER ko yaya. Fari fat. Ke nan naman ne ya lalace tun kafin ya zo hannuna, ba alamar ce babu ba.

Da na bi sawu sai raina ya ɓaci. Ƙa'idar ASCO da CAP, ƙungiyoyin likitocin sankara da na gwajin nama na Amurka, a fili take: nama ya shiga fomalin (ruwan da ke hana nama ruɓewa) kashi 10 cikin 100 mai daidaitaccen tsami cikin awa 1 da cire shi, ya zauna tsakanin awa 6 zuwa 72. A nan kuwa, a cire nono ɗungurungum ranar Juma'a, a jefa shi a bokiti ba tare da an tsaga ba, a zuba fomalin da aka tsinka da ruwan famfo, wani lokacin ma bai rufe naman ba. Sai Litinin, ko kuma dangin majiyyaciya su riƙe shi har su haɗa kuɗin gwaji. Fomalin yana ratsa nama ne kimanin milimita 1 a awa, kafin ya kai tsakiya inda ƙarin yake, zafi ya gama da shi. Da na nemi fitar da DNA don duba ƙwayar halittar gado mai suna PIK3CA, gutsuttsura kawai na samu. Magungunan rini masu tsada, da dala aka sayo su, duk sun tafi a banza.

Daga baya na fahimci me ya sa binciken da aka yi a ƙasar nan suke saɓa wa juna. Wani na Ibadan a 2008 ya sami ER a kusan kashi biyu cikin uku na mata, wani na 2009 da ya haɗa Najeriya da Senegal ya sami kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ban ce bokiti ne kaɗai sanadi ba, amma yana ciki. Kuma abin ya wuce takarda: matar da aka rubuta wa "babu ER" bisa kuskure za a iya hana ta tamoxifen, maganin da ake bai wa masu ER, wanda talaka zai iya saye.

Yanzu ba na karɓar tsohon samfurin da ba a rubuta lokacinsa ba. Ni da kaina nake haɗa fomalin, in tsaya a ƙofar ɗakin tiyata, in tsaga naman, in rubuta lokacin cirewa da na tsomawa. Ma'aikatan jinya sun laƙaba mini "Mai Agogo", wani likitan tiyata kuma har yau yana ganin takura masa nake yi.