Yadda na tantance lambobin yabon sojan Birtaniya da ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya

Kayan da na duba guda huɗu ne: tauraruwar tagulla ta 1914-15, lambar azurfa mai kan Sarki George na Biyar, lambar Nasara mai ƙyalle launin bakan gizo, sai faifan tagulla mai faɗin kusan milimita 120 da ake aika wa iyalan mamaci.

Ban taɓa sabulu ba sai da na karanta rubutun da madubin ƙara girma. A tauraruwa, lambar aiki da muƙami da suna da runduna suna baya. A ta azurfa da ta Nasara kuwa suna gefen baki. Haruffan bugawa aka yi da inji, zurfinsu ɗaya. In ka ga sassaƙar hannu, ka dakata ka auna. Ta azurfar milimita 36 ce, kuma wadda aka kankare sunan asali da magagari takan ragu, bakinta ya yi siriri ta gefe guda.

Muƙamin da ke kan tauraruwar bai yi daidai da na sauran ba, kuma wannan ba alamar jabu ba ce. Tauraruwa tana ɗauke da muƙamin da ya shiga fagen daga da shi, sauran biyun mafi girman da ya riƙe a can. Lambar aiki ma takan sha bamban, domin a 1917 an sauya wa sojojin Territorial Force, wato rundunar 'yan sa-kai, lambobi zuwa masu alƙaluma shida. Faifan kuwa suna kawai gare shi, ba muƙami ba lamba, don haka shi kaɗai ba ya tabbatar da mutum idan sunan gama-gari ne.

Daga nan na nemi katin lambobin yabonsa a jerin WO 372 na National Archives, ma'ajiyar takardun tarihin Birtaniya da ke Kew a Landan, na gwada da WO 329, kundin sunayen waɗanda aka ba lambobin, sannan rajistar Commonwealth War Graves Commission, hukumar kula da kaburburan sojoji, ta ba ni ranar mutuwa da inda aka rubuta sunansa. Kada ka ɗora rai kan cikakken fayil ɗinsa na aikin soja: mafi yawansu sun ƙone a ruwan bama-baman Landan na Satumban 1940.

Wanki shi ne inda ake ɓarna. Ruwan ɗumi, sabulu kaɗan, buroshi mai laushi, a tsane sosai. Man goge ƙarfe yana cin haruffa, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Baƙin da azurfa ta yi na bar shi. Ƙyallen asali ban jiƙa ba, ban kuma sauya ba duk da ya koɗe. Ledar PVC tana sa tagulla yin kore, shi ya sa na naɗe kowace daban a takarda marar asid.

Wannan hanyar ba ta aiki ga lambobin Yaƙin Duniya na Biyu, domin Birtaniya ta raba su ba suna. A nan kwalin da aka aiko su ciki da takardar ta'aziyya mai sunan mamacin su ne shaida, don haka kada a raba su da lambobin.