Daga Filin Rawa Zuwa Lokeshan

Ƙannena masu shirya wasan rawa da tallata waƙoƙi, da yawanku na hango Kannywood. Ta wannan ƙofar na shigo, don haka ku saurare ni.

A harkar wasa, a daren kuɗinka ke dawowa. Ka kama wuri, ka buga fosta, ka biya mawaƙi da diji, a karɓi kuɗin ƙofa, kafin asuba ka san riba ka ci ko faɗuwa ka yi. Fim yakan riƙe kuɗinka wata da watanni. Ni da wancan lissafin na shigo, na ci bashi na ɗan gajeren lokaci, masu kuɗi suka fara sallama a ƙofar gidana fim bai ma fito daga hannun edita ba.

Babban kuskurena shi ne waƙa. Ita na sani, sai na zuba mata rabin jarin: kayan sawa kala-kala, 'yan rawa, lambu mai kyau. Marubuci kuwa ɗan abin da ya rage na miƙa masa, mai ɗaukar sauti na ce kowa ma zai iya. Ranar da muka zauna kallo, ga jaruma tana kuka tana magana, amma ƙarar janareta ta danne muryarta. Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Gaskiya ne waƙa ta daɗe tana sayar da fim ɗin Hausa, musamman zamanin kaset da faifai a Ƙofar Wambai. Amma tun da Arewa24 ta zo a 2014, aka kuma koma fina-finai masu dogon zango a YouTube, labari ne ke dawo da mai kallo mako mai zuwa.

Fitowa a jarumi ma sai da na sake koyo. A dandamali kana ɗaga murya da hannu don na can baya ya gan ka. Kyamara kuwa tana dab da fuskarka, ƙiftawar ido ma tana kamawa. Darakta ya sha ce min, "Rage, malam, rage."

Kafin ka kira kanka furodusa, ka bi wani lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, a matsayin yaro, ko riƙe fitila ne, ka ga yadda ake kula da kwantiniti, wato tabbatar da cewa kaya da yanayi ba su saɓa ba daga wannan ɗauka zuwa ta gaba. Ka yi rajista da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda ke aiki tun 2001, tun ba ka kunna kyamara ba. Duk wanda za ku yi aiki tare kuma, ko amininka ne, ku rubuta yarjejeniya: nawa za a biya shi, yaushe, kuma tashar wa za a ɗora fim ɗin.