Lamba huɗu a gefen taya

Ranar Asabar da ta wuce na miƙa makullin sito, na ɗauki gejina da tocilata, na bar shagon taya bayan shekara bakwai. Gejin nawa ne, da kuɗina na saya. Na faɗa ne don na ga yadda aka bi hannuna da kallo lokacin da nake jefa shi a jaka. Yaran da na bari sun ce in rubuta musu abin da za su riƙe a kan tayoyin motocin gudu, tunda ni ake turo wa duk motar da tayarta guda ta fi albashinmu na wata. Na zauna zan jero musu ƙa'idoji, sai na ga duk ta inda na biyo, maganar Porsche ɗin nan ta tare hanya. To bari in fara da ita kowa ya huta, musamman waɗanda suka zo daga baya, da ba su ji labarin ba sai daga bakin manaja.

911 Carrera S ce, ƙirar 991 ta biyu, mai turbo biyu da ƙarfin doki 420. Wanda bai taɓa shiga ƙarƙashinta ba ya sani cewa injinta yana can bayan ƙafafun baya, don haka wajen kashi sittin cikin ɗari na nauyin motar a kan tayoyin baya yake, kuma su kaɗai ke tura ta. Gaba tana cin 245/35 ZR20, baya 305/30 ZR20. Wannan 305 ɗin faɗin tayar ne a milimita, 30 kuma na nufin tsayin gefenta kashi talatin ne na faɗin, wato santimita tara da ɗan ɗoriya tsakanin rim da kwalta. Irin wannan mota sau da yawa sai ta suɗe na baya sau biyu kafin a taɓa na gaba.

Mai motar matashi ne, ya zo ranar Talata. Ɗaurin auren abokinsa Juma'a, yana son motar ta shiga ayarin ango. Na zagaya ta. Na gaba Michelin Pilot Sport 4 S ne masu tambarin N0, wato alamar da ke nuna Porsche ta amince da su, lafiyarsu ƙalau, ba su fi shekara ɗaya da rabi ba. Na baya kuwa sun suɗe har sun kai alamar ƙarshe. Na ce masa, "Yallaɓai, irin na gabanka ba mu da su a ƙasa. Sai an yi oda daga Dubai, sati biyu zuwa uku." Ya ɓata fuska, amma ya fara laluben waya, da alama zai haƙura ya nemi wata motar a gida. Gidansu ba a rasa mota.

Sai ga manaja ya fito daga ofis yana gyara hula.

"Ranka ya daɗe, ai muna da su. Sababbi fil, ba su taɓa taka ƙasa ba." Ya juyo gare ni: "Kai, hau sama ka sauko da biyu daga cikin na lungun nan."

Na san su sarai. Guda huɗu ne, sun zo cikin wasu kaya da aka kwashe da araha daga hannun wani dila da zai rufe. Tun ranar da suka shigo suna saman kanta, dab da kwanon rufi, gefen da janareto yake. Zafin Abuja na Maris ya bi ta kansu ba sau ɗaya ba. Na sauko da su, na share ƙura. Girma daidai. Lambar nauyi 103, wato kowace tana ɗaukar kilo 875, daidai. Harafin gudu Y, daidai. Gashin tayar, wato zanen da ke taka kwalta, cike yake, har 'yan tsirarun gashin nan na sabuwar taya suna nan. Kamfanin ma babba ne, ba shi da laifin komai a wannan magana. Sai dai ba irin na gaban ba ne, kuma babu tambarin N. Na juya zuwa inda aka rubuta DOT, na bi har ƙarshen layin: 3114. Wato an ƙera su a sati na 31, shekarar 2014. Mu kuwa muna cikin 2022. Na danna farcena a kan gashin, ya ƙi shiga. Robar ta yi ƙyalli ta ƙandare kamar tafin takalmin soja.

Na bi manaja ofis, na rufe ƙofa, na ce, "Oga, waɗannan na 2014 ne fa."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Taya nono ce da za ta yi tsami? An taɓa hawansu?"

"Ba a taɓa ba, amma..."

"To ka ɗaura. In ba za ka iya ba, leƙa bakin get ka ga masu jiran aikinka."

Na ɗaura. Na yi balansin, na ɗaure notina da ma'auni yadda littafi ya ce, na sa iska daidai, aiki tsaf. Na ɗauki katin aiki na sa hannu a gurbin da aka rubuta wanda ya duba. Sannan na yi abin da har yau ban faɗa wa kowa a shagon ba. Na ɗauko man nan da muke shafa wa taya ta yi baƙi, na goge gefensu har suka fi na gaban sheƙi. Babu wanda ya ce in yi. Ni dai ba na son yaron ya tsuguna ya ga bambanci ya tambaye ni, don na san in ya tambaya ba zan iya yi masa ƙarya ido da ido ba.

Biki ya wuce lafiya. Sati uku ban ji komai ba, har na fara ce wa kaina wataƙila manaja ya fi ni gaskiya. Sai aka yi ruwan farko a Afrilu. Duk mai tuƙi a Abuja ya san wannan ruwan: ƙurar rani da man da ya ɗiga a kwalta wata da watanni su taso su zama kamar an zuba kuɓewa. Mai motar yana kan titin filin jirgi, ya fito daga wata kwana, ya taka totur. Na gaba suka riƙe kwalta yadda aka yi su don su riƙe, na baya suka saki. Bayan motar ya wuce gabanta, ta juya ta daki shingen tsakiya. Na'urar daidaita motar, wadda Porsche ke kira PSM, tana aiki ne ta hanyar kama birkin ƙafa ɗaya-ɗaya da rage wa inji ƙarfi, amma dole tayar ta kasance tana kama ƙasa kafin birkin ya yi wani tasiri. Allah ya kiyaye, shi ya fito da ƙujewa. Abokinsa da ke gefe ya karye a hannu.

Mutanen mahaifin mai motar suka kawo wani makaniki daga waje. Bai yi minti biyu ba ya tsuguna, ya goge laka da babban yatsa, ya karanta lamba huɗun nan da ƙarfi. Aka kira mu gaban mai shago. Manaja ya buɗe hannuwa ya ce shi ɗan kasuwa ne, bai san karatun gefen taya ba, shi ya sa ake biyan ƙwararre. Alhaji ya turo mini katin aikin.

"Malam, sa hannun wa ke nan?"

"Nawa ne, Alhaji."

"To."

Shari'ar ke nan gaba ɗayanta. Wata takwas ana yanke mini rabin albashi. Matata tana da tsohon ciki a lokacin, sai da na sayar da babur ɗina. Manaja kuwa a ƙarshen wannan shekarar aka ƙara masa reshe na biyu. Ban taɓa jin ya ce "yi haƙuri" ba, ko a ɓoye. Abin da ya fi cin raina shi ne duk sabon yaron da aka ɗauka, da labarina yake yi masa huɗubar kula da aiki.

Amma in zan yi wa kaina adalci, ba jahilci ne ya kayar da ni ba. Na san littafin Porsche ya hana amfani da tayar da ta wuce shekara shida. Na san Michelin ma, da suke da sassauci, sun ce daga shekara biyar a riƙa dubawa duk shekara, a shekara goma kuma a cire ko da gashi cike. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara huɗu take faɗa a faɗakarwarta. Har labarin Paul Walker na sha ba kwastomomi da bakina: ɗan fim ɗin Amurka da ya rasu a Nuwamban 2013 cikin Porsche Carrera GT a Kalifoniya, masu bincike suka ce gudu ne ya jawo, suka kuma rubuta cewa tayoyin motar sun kai shekara tara. Duk wannan yana kaina lokacin da nake shafa man. Tsoron bakin get ne ya fi ƙarfina. Daga ranar, duk katin da na sa wa hannu sai na rubuta lambar sati da shekara ta kowace taya a kai, na nuna wa mai mota da yatsa ya gani. Manaja ya ce ina ɓata lokaci. Ban fasa ba, shi ma bai sake aike ni lungun nan ba.

Kuma ku sani matsalar ba ta shagonmu kaɗai ba ce. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙerawa a Ikeja bayan haka kaɗan, kusan duk tayar da muke ɗaurawa sai ta hau jirgin ruwa. Girman da ake nema kullum, na Corolla da Hilux, ba ya kwana. Amma 305/30 ZR20 mutum nawa ne ke nema a shekara? Irinsu ne ke tsufa a sito, daga wannan hannu zuwa wancan, kuma kowa ya kira su sababbi don ba a hau ba.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Tambarin kamfanin mota ba ado ba ne: N na Porsche, MO da MO1 na Mercedes da AMG, tauraro na BMW, AO na Audi. Mai tambari da marar tambari za su iya zama suna ɗaya, girma ɗaya, amma haɗin roba da ginin ciki sun bambanta, don an gwada su ne a kan wannan motar. A 911 a bar ƙafa huɗu su zama kamfani ɗaya, iri ɗaya, in da hali lambar N ɗaya. Kada a taɓa canza guda ɗaya a bar 'yar'uwarta ta ɗaya gefen tana rabi.

Harafin gudu: V kilomita 240 a awa, W 270, Y 300, Y a cikin baka biyu, wato (Y), ya wuce haka. Kada a sauko ƙasa da abin da mota ta zo da shi. Kwastoma zai ce ai shi ba ya kai wannan gudun. Ku ce masa harafin juriyar zafi yake nunawa, zafi kuwa muna da shi kyauta.

Wanda ya zo yana neman Pilot Sport Cup 2 don ya gani a intanet, ku tambaye shi ko motar za ta kwana a gareji duk damina. Tayar filin tsere ce, ramukanta ba su da zurfi, ba ta son kwantaccen ruwa. Pilot Sport 4 S, P Zero ko SportContact sun ishi titinmu.

'Yan Beljiyom masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe na hunturun Turai ne, an yi su don sanyin da bai kai digiri bakwai ba. A kwaltar Abuja laushi suke yi su cinye kansu. Balle ma shigo da tsohuwar taya haramun ne a dokar kwastan.

Taya mai gajeren gefe in ta faɗa rami ta yi ƙululu, zarenta ya tsinke, babu faci, sai canji. Ku duba rim ɗin ta ciki ma, can yake lanƙwashewa. Iska da safe ake aunawa kafin mota ta yi tafiya, da lambar da ke jikin ƙofar direba, ba wadda ke jikin taya ba. Notin 991 ma'aunin ƙarfin ɗaurinsa 160 Nm ne, da hannu, ba da bindigar iska ba. Na'urar auna iska da ke cikin bawul tana karyewa in an sa ƙarfe ba a kula ba, kuɗinta kuma daga aljihunku zai fita, ni shaida ne.

A shekara uku na ƙarshe, masu irin waɗannan motoci sun koma in suka shigo sai su tambayi inda nake kafin su kashe inji. Wasu sun riga sun karɓi lambata. Ban kira kowa ba, su suka nema.

Biyu daga cikin tayoyi huɗun nan suna nan a saman kanta, lungun janareto. Ranar Juma'a da yamma, bayan kowa ya tafi, na hau na rubuta 2014 da farin fenti a kan gashin kowace, manya-manya, yadda ko daga ƙasa za a gani. In kun ga an goge, ba ni na goge ba.