Abin da kwalbar adana hoto ta koya wa masu aikin osiloskop

Matsalar masu aikin radar a Yaƙin Duniya na Biyu ita ce ɗigon da ke nuna jirgi a allo kan haska ne ya ɓace tun kafin eriya ta sake zagayowa. Aka fara magance ta da fosfo (sinadarin da ake shafa wa allo, mai haske idan elektaron suka buge shi) mai jinkirin dusashewa, irin P7 mai shafi biyu: ya yi walƙiyar shuɗi, sannan ya bar rawaya na ɗan lokaci. A Ingila da Jamus kuma an yi amfani da wata kwalbar nuna hoto da ake kira Skiatron, mai allon gishirin potassium chloride, wanda ke barin layi mai duhu, amma sai an ɗumama allon kafin ya goge. Babu ɗayansu da ke adana hoto ta hanyar caji.

Adanawa ta hanyar caji ta zo ne da aikin Andrew Haeff a Amurka, wanda ya haifar da Memotron na kamfanin Hughes, wato kwalbar adana hoto, mai riƙe abin da aka zana a allonta har sai an goge. Akwai raga mai laushi a cikinta da ke riƙe caji, ga tsada. Sai Robert Anderson na kamfanin Tektronix ya cire ragar, ya mai da fosfon kansa ma'ajiya, aka fito da osiloskop samfurin 564 a 1962, wato na'urar da ke zana siginar lantarki a allo.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne caji ake adanawa, ba haske ba. A cikin kwalbar akwai sashen da ake kira bindigar rubutu, tana harbo wa allon elektaron da ƙarfin dubban volt. Inda suka sauka sukan fizgo elektaron fiye da waɗanda suka shigo, wurin ya zama fozitif. A gefe akwai bindigogin feshi da ke yayyafa wa allon duka elektaron marasa ƙarfi. Wurin da aka rubuta yana janyo su, ya ci gaba da haske, su kuma su riƙe masa cajinsa. Inda ba a rubuta ba yana korarsu, ya zauna a duhu. Matsayi biyu ne kacal, shi ya sa babu tsaka-tsakin haske. An kuma shafa fosfon ne ƙwaya-ƙwaya a warwatse don kada caji ya malala gefe.

Inda aka fi yin kuskure shi ne saita ƙarfin wutar farantin da ke bayan fosfon. In ya yi yawa, allon kan fara haske da kansa har ya haɗiye hoton. In ya yi kaɗan, layin ya riƙa yankewa yana ɓacewa. Tazarar da ke tsakani kuwa tana ƙuntata yayin da kwalbar ke tsufa, don haka kada a yanke mata hukuncin mutuwa ba a sake saitin nan ba.

Sigina mai saurin gaske ba ya barin isasshen caji. Idan mai maimaituwa ne, sai a kashe bindigogin feshi, a bar cajin ya taru a zagaye da dama, sannan a kunna. Gogewa kuma ta allo ce gaba ɗaya: a ɗaga wuta ya haska duka, a sauke. Don haka aka raba allon 564 sama da ƙasa, a ajiye siginar gwaji a rabi, a kwatanta da sabo a ɗaya rabin.

Hoton da aka bari sa'o'i a wuri guda yana barin tabo a fosfo. Da an gama dubawa a ɗauki hoto da kyamara, a goge.