Resho ne ke cinye wutar site, ba cajar waya ba

Shekarar da aka ba ni delege, wato wakilin ɗalibai, na benenmu a site, gidajen kwanan ɗaliban jami'a, nan Yamai, ba abin da ya fi tada hankalin ƴan ɗaki irin dijankitar, na'urar da ke yanke wuta in kaya sun yi mata yawa, da ke faɗuwa kullum bayan magariba, kana cikin karatu sai ɗif, ka leƙa taga ka ga unguwar maƙwabta fitilu tar, mu kaɗai ke cikin duhu. Tunda ni fizik nake karantawa sai na ɗau biro da kaye na bi ɗaki ɗaki ina juya kayan wuta ina duba lambar da ke rubuce a gindinsu.

Wallahi abin da na gani ya ba ni mamaki. Cajar waya da kowa ke zargi wat 5 zuwa 10 take ci, ampul ɗin LED kusan haka, fankar sama wajen wat 70. Amma resho na lantarki wat 1000 zuwa 1500 ne, dutsen guga ma haka, hitar nan da ake tsomawa a bokiti ita ma haka. Yi lissafi da kanka, awa ɗaya ta resho ta kai fanka ta yi awa 14 tana juyawa ko fiye. Kuma duk a lokaci guda muke kunnawa, wannan na dafa shinkafa da wake, wancan na ɗora shayi, wani na gugar rigar gobe, duka a kan ralanj guda, wato wayar jona wuta mai soket da yawa, da wayarta har ta yi laushi don zafi, ka taɓa ta sai ka janye hannu.

Wuyar ita ce ba wanda ya taɓa ganin takardar kuɗin wuta, sai ka ji "haba delege, ai ta gwamnati ce". Abin na min ciwo, don duk mun ga watan Agusta na 2023 lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarmu, mun san me ake kira kwana ba fanka. Tashar hasken rana ta Gorou Banda da ke kusa da Yamai gaba ɗayanta megawat 30 ce fa.

Hana resho ba zai yiwu ba, mutum mai yunwa ba ya jin wa'azi. Sai muka sasanta, ɗakuna biyu uku su haɗa tukunya ɗaya, a jiƙa wake tun safe, a rufe tukunya da murfi, ruwan shayi a tafasa sau ɗaya a zuba filas. Guga ta koma safiyar Lahadi. Lokacin sanyi kuma jarka baƙa muke cikawa mu aje a rana, la'asar na yi ruwan wanka ya yi ɗumi ba hita, dama Abdou Moumouni Dioffo, masanin fizik ɗin da aka sa wa jami'ar Yamai sunansa, ai kan ƙarfin rana ya yi aikinsa a ƙasar nan. Faɗuwar dijankitar ta ragu sosai.

Inda har yanzu ake kai ruwa rana shi ne fanka. Cikin Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, sai mutum ya bar ta tana juyawa ya tafi aji wai ɗaki ya huce kafin ya dawo, alhali fanka jikin mutum take sanyayawa ba iskar ɗaki ba. Wannan kam sai da muka liƙa takarda a bayan kowace ƙofa, daidai inda hannu ke kai wa makulli.