Yadda na haɗa wa motata wuta saboda tafiyar Sakkwato zuwa Kaduna

Duk bayan wata biyu ko uku nakan ɗauki Inna mu tafi Kaduna wajen ƙanwata da ke aure a can. Wanda ya san hanyar ya san ba tafiyar wasa ba ce. A bar Sakkwato bayan sallar asuba, a wuce Dange da Tureta, a ratsa Talata Mafara da Gusau da Tsafe, a faɗa Funtuwa, sannan Zariya, in Allah ya kiyaye a shiga Kaduna da la'asar. Babu mai son dare ya riske shi tsakanin Mafara da Funtuwa a wannan zamani, kuma mutanen gida ba sa samun natsuwa sai sun ji muryarka a kowane gari. Idan waya ta mutu a hanyar nan, hankalin gida biyu ne ya tashi. Ga shi duk inda sabis ya yi rauni waya ta fi shan caji, saboda faman neman sa da take yi. Ban da wannan, Inna tana da ciwon suga, allurar insulin take yi, ita kuwa insulin ba ta jure zafi, balle zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke haura digiri 40.

Shi ya sa na sayi 'yar kula mai aiki da wutar mota, na haɗa da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida, wadda aka rubuta wat 500 da manyan lambobi a jikinta, da wani soket mai baki uku da ake cusawa a ramin laita. A ganina an gama magana.

Tafiyar farko, mun ɗan wuce Mafara Inna ta ce tana son ruwan zafi ta haɗa shayi. Na jona butar lantarki a inbata, sai na ji ƙas, komai ya ɗauke. A gefen titi wani yaro ya buɗe akwatin fiyus, ya zaro wanda ya ƙone, ya tsinko silin waya ya naɗa a wurin, ya ce mu tafi ba komai. Wuta ta dawo, na mayar da kula da laftof da wayoyi uku, na ji daɗi har na ƙara masa kuɗi. Kafin Tsafe Inna ta ce, "Kai, ba ka jin ƙaurin roba?" Na taka burki na kai hannu, kan soket ɗin ya yi laushi kamar cingam, sai da na sa bakin riga sannan na iya zare shi. Har yau in na tuna mahaifiyata ce zaune a motar, gabana faɗuwa yake yi.

Da muka dawo na kai motar wajen wani dattijon mai riwaya da ke kusa da unguwarmu. Ya juya narkakken soket ɗin a tafin hannunsa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, mi da mi kaj jona ga wanga rami?" Na lissafa masa. Bai yi mini faɗa ba, tsinke ya ɗauka ya durƙusa ya yi mini lissafi a ƙasa. Batirin mota bolt 12 ne. Fiyus ɗin ramin laita a motata amfiya 10 ne, wasu motocin 15. Ka ninka 12 sau 10, wat 120 ke nan, iyakar abin da ramin zai iya bayarwa, ko me aka rubuta a jikin inbata. Kula kaɗai tana jan kusan wat 60, cajar laftof 65, inbata ita ma tana cin nata kason wajen juya wutar batir zuwa irin ta gida, ga wayoyi uku a kai. Butar lantarki kuwa ta haura wat 1,000, ba ta da wurin zama a wannan lissafi ko kaɗan. Ya ƙara da cewa aikin fiyus shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone, wanda ya naɗa silin waya a madadinsa ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Yini guda muka yi a kan aikin, ina tsaye ina kallo. Ya ja waya mai kauri tun daga kan batir, ya sa mata fiyus na amfiya 30 bai fi taƙi ɗaya daga kan batirin ba, don in wayar ta goge da ƙarfe a ko'ina a gaba, nan take wutar ta yanke. Inda za ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota ya bi da ita ta cikin zoben roba, ya ce kaifin ƙarfe da jijjigar hanya su ke fere waya a hankali ba a sani ba. A ƙarƙashin kujerar gaba ya ɗaura ƙaramin akwati mai fiyus huɗu, kula da nata, caja da nata. Ya ce a sa rile, wato makunni mai aiki da kansa, yadda in an kashe mota layin zai mutu. Ni kuma na ce a bar shi, ina son kula ta ci gaba da aiki in mun tsaya sallah a Gusau. Ya ce to, motarka ce.

Daren da muka isa Kaduna gajiya ta sa na kwashe maganin Inna na kai firij, na manta kula a kunne. Abin da ke jan amfiya 5, ya kwana yana ja awa goma, ya sha 50 ke nan daga batirin da duka-duka 60 yake ɗauka. Da safe na murɗa makulli, ko tari motar ba ta yi ba. Atomatik ce, ba ta tashi da turi, sai da maƙwabcin ƙanwata ya kawo tasa aka yi jona. Batirin bai sake komawa daidai ba, domin batirin tada mota ba a yi shi don a tatse shi ƙarƙaf ba, bayan 'yan watanni na canja shi. Na koma wajen dattijon na ce, "Baba, a sa rilen nan." Ya sa, bai ce mini uffan ba game da maganar da ya yi a baya.

Abin da ban zata ba, yanzu inbatar ma a but take kwana. Na samu cajar mota mai bakin USB-C da ke ba da wat 65, tana cajin laftof kai tsaye, babu ƙugin fanka, babu ƙurar hunturu da ke toshe ta. Ruwan zafi kuwa a fulas Inna take zubo shi tun daga gida. Na kuma sayi ɗan agogon bolt da ake cusawa a ramin laita. In inji na aiki yana nuna 14 ko kusa da haka, alamar altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, na aiki. In mota ta kwana a kashe, 12.6 lafiyayyen batir ne. Ranar da na ga yana nuna 12 da 'yan kai alhali ina gudu, na san bel ko altaneta ne, na gyara tun kafin ranar tafiya.

Zafi ma ya koya mini nasa. Fawa bankin da na bari a kan dashbod muna cin abinci a Funtuwa, na dawo na tarar ya kumbura kamar burodi, dole na rabu da shi. Irin kular nan kuma ba firij ba ce, abin da take iyawa shi ne ta rage digiri 15 zuwa 20 daga zafin da ke kewaye da ita. Saboda haka a ƙasa nake ajiye ta bayan kujera inda rana ba ta bugu, in jefa fiya wata biyu masu ƙanƙara a ciki, in naɗe insulin a tawul don kada ta taɓa ƙanƙarar, tunda in ta daskare ita ma ta lalace.

Tafiyarmu ta ƙarshe mun bar gida ƙarfe shida. Inna na baya da carbinta, wayarta a jone, kowane gari muka shiga sai ta kira ƙanwata ta faɗa mata sunansa. Da muka wuce Giwa ta buɗe kula ta taɓa tawul ɗin, ta ce da sauran sanyi, ta rufe ta ci gaba da lazimi.